Ƙasa Ma Adashi Ce: A Yi Zubi Kafin Kwasa

Jawabin da anka gabatar gaban membobi da iyalansu ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya ara mana rai da lafiya munka sake ganin wagga rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Hajiya Shugaba, Hajiya Ma'aji, Malama Sakatariya, iyayenmu mata da sunka kafa wagga ƙungiya, wakilan iyayen ƙasa, malamanmu na boko da na Islamiyya, mazajenmu da sunka yarje mana munka fito, 'yan'uwana membobi na rassan Wurno da Rabah da Goronyo, da ku ɗiyanmu 'yan makaranta da nike hange can baya kuna jiran a buɗe kula: sannunku da zuwa, barkanmu da shekara. Membobinmu da sunka riga mu gidan gaskiya tsakanin bara da bana, Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, Allah ya maida su gidajensu lafiya.

Kwamitin shirya biki ya ce in yi magana kan kula da muhalli a gida da makaranta. Na san da wasu sunka ji haka sun ce a ransu, to, yau kuma turanci za a sha. Kalmar muhalli mun saba jin ta a rediyo daga bakin manya masu zuwa taro ƙasashen waje, har muna ɗauka ba ta shafi mai dakan fura ba. Alhali muhallin nan shi ne murhunki, da randarki, da kwatar ƙofar gidanki, da bolar unguwa, da gonar maigida, da iskar da jaririnki ke shaƙa yana goye a bayanki. Ba wanda ya kai mace taɓa waɗanga abubuwa a wuni ɗaya.

Don haka zan yi magana da harshen da munka fi ganewa, harshen adashi. Adashi yakan rayu ko da zubin naira ɗari ne, muddin kowa na zubawa. Ranar da mutum biyu ko uku sunka kwasa sunka daina zubi, ranar ya fara mutuwa, kuma wadda ke ƙarshen layi ita ke kwana ciki. To ƙasar nan da muke zaune a kai ita ma adashi ce. Kowace safiya kwasa muke yi: icce, ruwa, ciyawar dabbobi, gero da dawa, shinkafa da albasa da tafarnuwa. Kakanninmu sun yi zubi, shi ya sa munka tarar da tsamiya da kuka da gawo da giginya waɗanda ba mu san wanda ya raine su ba. Waɗanda ke ƙarshen layi kuwa, ga su can baya da kayan makaranta. Tambayar da nike so kowa ya koma gida da ita ita ce: ni mene ne zubina?

Abin da gulbi ya nuna mana

Ba sai mun tafi nesa neman shaida ba. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda anka gama ginawa kan gulbin Rima a 1984, anka buɗe ta a 1992, an yi ta don ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Da ita muke noman rani, kuma daga ruwanta Sakkwato da Birnin Kebbi ke sha. A daminar 2010 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki da rumbuna, har gadar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tafi. Da yawa a cikinmu sun kwana cikin azuzuwan makaranta a wannan shekara. Shekara takwas bayan haka, a farkon 2018, hukumar da ke kula da gulbin Sakkwato da Rima ta sanar cewa ruwan dam ɗin ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da yake iya riƙewa. Dalilan da anka bayar su ne ƙarancin ruwan sama, da yashi da laka da sunka cike cikin dam.

Ku tsaya kan wanga yashi. Daga ina ya fito? Daga tudu. Ƙasar da ba icce, ba ciyawa, ba karan da zai riƙe ta, ruwan farko na sauka sai ya kwashe ta ya nufi gulbi da ita. Manomi ya rasa ƙasar sama mai albarka, dam ya rasa zurfinsa. Ruwan da ya kamata ya nutse ya ciyar da rijiya sai ya taru ya zo lokaci guda ya rushe ɗaki. Ambaliya da fari, uwa ɗaya ta haife su.

Wata za ta ce, Malama, yanzu murhuna ne ya busar da dam? A'a. Sauyin yanayin da duniya ke kuka da shi, mafi yawansa daga hayaƙin masana'antu da motocin manyan ƙasashe ne. Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 take fitarwa. Yashe dam, gyaran magudanan Wurno da na Lugu, da samar da tsaro a daji, aikin hukuma ne, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Amma akwai rabon da ke hannunmu, wanda ba gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma da zai shigo madafarmu ya yi mana. Kuma duk abin da zan lissafa yanzu, kafin ya amfani ƙasa sai ya fara amfanar aljihunmu.

Murhu

Na fara da murhu don nan ne kwasarmu ta fi yawa. Iyayenmu da ke nan za su shaida: da, yarinya kan fita bayan gari ta dawo da icce kafin hantsi. Yau wuni ake yi, kuma akwai dazukan da uwa ba za ta yarda 'yarta ta nufa ba ko icce kyauta yake, kun san dalili. Tun da anka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya hau, gas da kananzir sunka fi ƙarfin gidaje da yawa, mutanen birni sunka koma gawayi. Motocin gawayi da icce da kuke gani suna wucewa, inuwar ɗiyanmu ce anka ɗaure a bayansu.

Murhun duwatsu uku a buɗe, mafi yawan zafinsa iska ke tafiya da shi. Ki duba harshen wuta yadda yake fita ta gefe, wanda ke taɓa gindin tukunya kaɗan ne. Maganin abin da laka ake yin shi, irin wadda ake gini da ita, a kwaɓa da yashi da ciyawa ko kashin jaki. A kewaye duwatsun nan uku da katanga har kafaɗar tukunya, a bar tsakanin yatsa guda don hayaƙi ya fita, a bar ƙofa ɗaya ta sa icce, a bar shi ya bushe kamar mako guda kafin a hura. Ko sisi ba a kashewa. Mai hali kuma ta sayi na ƙarfe wajen maƙera; 'yan'uwanmu na Nijar sun daɗe suna amfani da wani da suke kira Mai Sauƙi.

Bayan murhun, akwai ɗabi'u ƙanana. A faskara icce ƙanana, a bar shi ya bushe, ɗanye hayaƙi ne kawai. A gama yanka da wanki da daka kafin a hura wuta. A rufe tukunya. Wake a jiƙa shi tun dare. In an sauke, a ja ragowar iccen a kashe da ƙasa, gobe ya yi amfani. Shinkafa ko wake in sun tafasa sosai na ɗan lokaci, a sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwando da anka shimfiɗa wa tsummoki ko tsohon bargo, a lulluɓe. Zafinta zai ƙarasa dahuwar, ke kuma kin tafi wani aiki.

Ku masu turara shinkafa a Wurno da Goronyo, da masu kulikuli da suyar gyaɗa, ku ne wuta ta fi ci wa jari. Ɓuntun shinkafa da ke jibge bayan injin casa makamashi ne. Ɓawon gyaɗa makamashi ne. Akwai murhun gwangwani da ake danƙara ɓuntu a ciki a bar rami a tsakiya, yana ci a hankali. In mutum biyar sunka haɗu sunka gina babban murhun laka ɗaya suna turarawa bi da bi, kuɗin iccen da za su rage kai tsaye riba ce.

Sannan ga lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara a faɗin duniya, kuma mata da ƙananan yara ne sunka fi shaƙarsa. Tarin da ba ya jin magani, jan ido, ciwon haƙarƙarin jarirai, da yawa daga madafa suke. In za ki girka cikin ɗaki lokacin hunturu ko damina, a huda taga sama. In akwai mai riƙe miki goyo, sauke shi kafin ki duƙa hura wuta.

Dajin da ke ƙarƙashin gona

Yanzu zubin icce. Gulbin Maradi cikin Rima yake zuba, don haka mutanen can maƙwabtanmu ne na ruwa ɗaya, harshe ɗaya. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ƙasarsu ta yi tsirara fiye da tamu. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Toni Rinaudo, ya lura da abin da ke gaban kowa: 'yan tsiron da manomi ke sarewa kowace shekara lokacin sassabe, toho ne na kututtukan manyan itatuwa waɗanda saiwarsu ke nan da rai ƙarƙashin ƙasa. Sai shi da manoma sunka fara wata dabara. A kowane kututture a zaɓi reshe biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi a bar su, a sare sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara. Sunan da sunka sa wa abin sassabin zamani. An yi wa na farko dariya, an ce gonarsu ta ƙazanta. Yau masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wagga hanya kudancin Nijar ya maido da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Ba irin dashe, ba ban ruwa, ba kwangila. Wuƙa ce ko lauje, da haƙuri. Rassan da anka aske su ne iccen girki, a cikin gonarku, ba sai an aika yarinya daji ba. Gawo kun san halinsa: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabba ne. Sabara da kalgo da geza suna tare yashi. Magarya da aduwa na ba yara abin tsotsa da na sayarwa. Bagaruwa da ita majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato, wadda duniya ta san da ita.

Alhazai da malamai da ke zaune nan gefe, wanga saƙo naku ne, don lauje a hannunku yake. Bana in za a yi sassabe, muna roƙo a bar toho. Ko kututture goma a gona. Ku kuma iyayen ƙasa, a taimaka da doka: wanda ya raini icce a gonarsa nasa ne, kada wani ya bi dare ya sare. Abin da ya sa na Maradi ya ɗore ke nan, manomi ya tabbata shi zai ci gajiyar abin da ya bari.

Cikin gida kuwa namu ne. Kowane tsakar gida na da wurin zogale biyu. Ruwan alwala da na ɗauraye kwano sun ishe shi, cikin 'yan watanni kin fara tsinka. Ƙofar gida a sa dogon yaro, wanda ke jure zafin watan Afrilu lokacin da ma'auni ke wuce 40. Malamai sun karantar da mu cewa duk wanda ya dasa icce, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, ladar sadaka ake rubuta masa. Wadda ba ta da kuɗin gina rijiya ko masallaci, ga sadakar da ta fi ƙarfin talauci.

Ruwa

Daminarmu wata huɗu ce, sauran wata takwas abin da ƙasa ta adana muke sha. Mun karanta a Islamiyya cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ruwa cikin mudu guda yake alwala, kuma ya hana ɓarnar ruwa ko mutum na bakin kogi. Mu duba butocinmu. Ruwan wanke shinkafa na dabbobi ne ko na shuka. Ruwan wanki na yayyafa tsakar gida ne kafin shara. Famfon unguwa in yana ɗiga, kada mu ce na gwamnati ne. Mu ne za mu koma rijiya mai nisa in ya mutu.

Tsabtar ruwan ma tattali ce, don kuɗin magani daga jari suke fita. Ba mu manta da amai da gudawa na 2021 ba. A rufe randa, moɗa ta kasance mai mariƙi, a rataye ta, kada kowane yaro ya tsoma hannu. Salga ta yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30. Bahaya a fili, ruwan sama cikin gulbi da rijiya yake kai shi. Sauro kuma a cikin kwanciyar ruwa yake haihuwa, kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara cizo. Fasasshiyar tukunya, tsohuwar taya, gwangwani, kwatar da ta toshe: duk ranar Juma'a a zagaya gida a kife su, a yashe kwata.

Ga wata dabara da ɗan arewa ya yaɗa. Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya. Ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan na bushewa yana jan zafi, tumatir da tattasai da alayyafo su ƙara kwanaki ba su ruɓe ba. Busasshiyar iska irin tamu ita ta fi dacewa da ita. Abincin da bai lalace ba, ruwa da taki da gumin da anka noma shi da su ba su tafi a banza ba.

Leda da guba

Leda ta shigo mana da sauƙi ta zauna da wuya. Ku tambayi mahauta a kasuwar Achida abin da suke fiddowa daga tumbin akuya da saniya. Dunƙulen leda ne, wani ya kai girman kan yaro. Ke mai kiwon rago da rancen ƙungiya, kina ba shi dusa da harawa yana ramewa, cikinsa na kumbura, wani lokaci ledar da ya lasa don gishiri ko mai ce ta toshe shi. Jarinki ne ya tafi. Ita ce ke toshe kwata ruwa ya shigo ɗaki. Ita ce ke bin taki zuwa gona ta hana ruwa nutsewa.

Ƙasar Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. Nijar ma ta yi dokar hana ta a 2014, amma wanda ya je Konni ko Maradi ya san leda na nan tana rawa bisa ƙaya. Doka ba ta aiki sai hannu ya saba. Abubuwa huɗu nike roƙo. A tafi cefane da jaka ko kwando, yaro ya tafi sayen koko da kwano mai marfi kamar yadda munka tashi muna yi. A daina hura gawayi da leda ko roba, hayaƙinta guba ne kuma fuskarki ce ke kansa. Alale a dafa shi cikin gwangwani ko ganye, abinci mai zafi ba abokin leda ba ne. Ledar da ta riga ta shigo gida a tara ta cikin buhu ɗaya, kada ta shiga shara.

Dalilin raba ta da shara shi ne sharar kuɗi ce. Ku da kanku kun san farashin buhun takin zamani bana. Rami ɗaya a lungun gida, a riƙa zuba kashin awaki da na kaji, toka, ɓawo, ganye, a yayyafa ruwa, a juya shi lokaci zuwa lokaci. Wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki wanda mai albasa zai biyo ki har gida ya saya.

Sai maganin feshi. Robar maganin ƙwari ko na ciyawa ba ta zama ta man gyaɗa, ba ta zama buta, ba ta zama gorar ɗan makaranta, ko an wanke ta da sabulu sau nawa. A ɗauraye ta sau uku a juye cikin injin feshi, a huda ta, a binne nesa da rijiya. Kada a wanke injin feshi cikin gulbi ko magudanar ruwan rani, akwai masu sha a ƙasa, akwai kifi. Wake kuma ba ya buƙatar guba don ya kai rani. Buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, ko jarka mai marfi da anka cika anka toshe da kyau, suna hana ƙwaro numfashi ya mutu da kansa. Tsofaffin baturan tocila ma a ɗauke su daga hannun yara.

Ku 'yan makaranta

Ɗiyana, ku matso da kunnenku. Kuna zaune a ƙasar da ta san darajar ilimi. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, nan ya rasu a 1837, nan kabarinsa yake. A Rabah anka haifi Sardauna Ahmadu Bello. 'Yar'uwar Bello, Nana Asma'u, ta shirya mata da ake kira jajoji, suna koyon karatu wurinta su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Su ne 'Yan Taru. Yau ku ne jajojin gidajenku, maza da mata. Ga aikinku.

Na ɗaya, lissafi. Ka ware shafi a littafinka, ka rubuta kuɗin icce ko gawayin da Inna ta kashe cikin mako guda. In an gina murhun laka ka sake rubutawa na wani mako, ka ɗebe. Amsar da ka samu ka kawo wa Malama Sakatariya. Ta haka za mu san gaskiyar abin daga gidajenmu, da hannun ɗiyanmu.

Na biyu, icce mai suna. Ledar fiya wata da kuke yarwa a filin makaranta, ku tara, ku huda ƙasanta, ku cika da ƙasa da taki, ku shuka ƙwayar zogale ko dogon yaro ko mangwaro. In ruwa ya zauna a watan Yuli a dasa. Dasawa ba ita ce wahala ba, akuya da rani su ne jarrabawa. A kewaye da ƙaya ko kara. A binne gora mai 'yan huji kusa da saiwa, a riƙa cika ta. Ruwan wanke hannu ya isa. Kowa ya san nasa, in zai gama makaranta ya damƙa wa ƙanensa.

Na uku, ku tafi da gorar ruwanku daga gida. Ragowar takardun littafin bara a yanke a ɗinke, ya zama na aikin gida. Kada ku yi bahaya bayan aji. In kun ga ƙaya ko kwalba ko leda a hanya ku kawar, an karantar da ku cewa yin haka yana cikin imani. Kuma in za ku gyara wa iyayenku wani abu, ku faɗa da ladabi. Wanda ya shigo gida yana cewa malam ya ce ku jahilai ne, ya ɓata saƙon tun a ƙofa.

Masu cin abinci daga icce da leda

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. A cikinmu akwai masu sayar da icce da gawayi, akwai masu ƙulla zoɓo da kunun aya da mai da gishiri a leda. Wasu zawarawa ne, wasu gudun hijira ya kawo su, da wanga ciniki suke ciyar da marayu. Ba wanda ya tara mu nan don a nuna su da yatsa. Mai yunwa ba a ce masa ya bar tuwo don gobe. In muna so su canja, sai ƙungiya ta riga su shimfiɗa wata hanya: gina murhu sana'a ce, renon itatuwan dashe sana'a ce, ɗinka jakar cefane daga ƙyallayen tela sana'a ce, tara taki sana'a ce. Su ya kamata a fara ba rance a kan waɗanga.

Abin da nike roƙon taro ya amince da shi

Hajiya Shugaba, don kada magana ta tsaya a tafi da shinkafa, ina gabatar da shawarwari biyar, a duba su a zaman wata mai zuwa.

Ɗaya, kowace memba ta raini icce biyu, a gida ko a gona. Baɗi war haka a ƙirga waɗanda ke da rai, a karanta lissafin tare da na kuɗi. Wanda anka dasa ya mutu ba ya shiga lissafi.

Biyu, kowane reshe ya zaɓi mata biyu su ƙware a ginin murhun laka, su bi gidajen membobi, a riƙa ba su ɗan abin sabulu daga asusu.

Uku, a ware wani kaso na rancen bana don sana'o'in da na ambata, masu icce da gawayi su kasance a gaba.

Huɗu, daga yau tarukanmu da rabon kayanmu ba leda. Kowa ta zo da kwanonta da jakarta.

Biyar, a naɗa wakilai su je wurin hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku kan yashe magudanai kafin damina da kuma samun irin dashe. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Ƙungiya mai rajista da littafin lissafi irin tamu tana da bakin tambayar rabonta.

Iyayenmu da sunka fara wagga tafiya ba su fara da miliyoyi ba. Da canjin cefane sunka fara, kowace tana ɗaure nata a bakin zane, mako bayan mako. Yau ga injin niƙa, ga awaki, ga ɗiyan da anka biya wa kuɗin jarrabawa. Mun riga mun iya wanga aiki, hannu ɗaya ne kawai ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ruwa mai amfani ba mai ɓarna ba. Allah ya kawo mana zaman lafiya a garuruwanmu da dazukanmu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya maimaita mana.